Riƙon Damisa: yau cikin kwana 52

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwon karnuka, kwana biyu kun ji ni shiru, to yau dai karyata Damisa ta cika kwana 52 da barbara, ranar Asabar Oga, wato mai ita, zai zo da mota ya ɗauke ta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta inda muka kwana tun kaina bai ɗau zafi ba.

Ga sababbin da ba su san farkon zancen ba, Damisa ba tawa ba ce, riƙo aka ba ni. Jaman Shefad ce, irin wadda muke cewa Alseshan, mai ita wani mai kiwon karnuka ne a nan Jos, ni kuma ina Bukuru. Karnuka sun masa yawa a keji, ya ce shi ba ya so karyar da zai riƙa samun 'ya'ya daga gare ta ta tashi ba ta san mutane ba, sai ya ba ni ita tana wata huɗu. Sharaɗin da muka rubuta, ci da sha da wanka da tsaro nawa ne, duk abin da ya shafi barbara da haihuwa da kuɗin likita na wannan ɓangaren nasa ne, idan ta haihu sau uku a yi mata aikin cire mahaifa ta zama tamu har abada. Da na yi wa kawuna bayani sai ya ce ai wannan habbanayen Fulani ne aka juya, can saniya ake ba ka aro ka riƙe 'yan maruƙa ka mayar da uwa, nan kuwa shi ke kwashe 'ya'ya ni in tsira da uwar. Wallahi tun ranar na fi gane abin da na shiga.

Kuma don Allah duk wanda za a ba riƙo ya sa a rubuta a takarda, ko da ɗan uwanka ne ciki ɗaya. Idan ta mutu a hannunka fa? Idan kare na unguwa ya tsallako katanga ya hau ta fa, wa ke da asara? Idan aiki ya mayar da kai Kaduna? Mu sai da muka yi zama biyu kan waɗannan, lokacin na ga kamar ɓata lokaci ne, yanzu ita takardar ce ke sa ni barci.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lissafin lokacinta. Karya tana shiga lokacin neman namiji kusan duk wata shida, abin yana ɗaukar sati biyu zuwa uku, kuma ranar farko da ka ga ɗigon jini ita ce ake fara ƙirga da ita. Oga bai yarda a haɗa ta ba sai da ta kusa shekara biyu, ya kai ta aka ɗau hoton ƙugunta saboda jinsinsu suna yawan samun matsalar gaɓar ƙugu kuma ana gadonta. To zagayen da muka shirya a kansa na farko ni na ɓata shi, ban lura da wuri ba, tana lashe wurin tana share jinin, kafin in kira shi kwanaki sun wuce, aka yi gwajin jini na sinadarin firojestaron, mai nuna lokacin da ya dace a yi barbara, likita ya ce an makara. Wata shida cur muka ƙara jira, raina ya ɓaci sosai don amana ce. Daga nan na koyi shimfiɗa mata farin tsumma a wurin kwanciyarta, kullum da asuba in duba in rubuta a littafi. Wannan karon rana ta farko na kama.

An yi mata sikanin a kwana 28 an ga cikin ya zauna. Allurarta ta ciwon haukan kare da ta fabo (cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo) duk an yi tun kafin barbara, don ba a so a yi da ciki, mu nan kuma mun yi sa'a Vom na kusa da mu, cibiyar binciken cututtukan dabbobin da ke can tun 1924 take, likitocin dabbobi ba sa mana wahalar samu.

Zancen abinci, sati biyar na farko ban ƙara mata komai ba, ƙiba ba ta taimakon mai ciki. Daga sati na shida na koma ba ta abincin 'yan kwikwiyo na buhu kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana saboda cikin ya matse ta ba ta iya cin da yawa a zama ɗaya. Wani maƙwabci ya kawo min ƙwayar kalsiyam wai ta ƙara mata ƙarfin ƙashi, Allah ya sa na tambayi likita kafin in ba ta, ya ce kul, ba wa mai ciki kalsiyam yana iya jawo mata jijjiga bayan haihuwa lokacin shayarwa. Sauran tuwo da miya ma na hana yara zuba mata, albasar da ke ciki tana lalata jinin kare. Kaska kuwa da hannu nake bi kullum da yamma, kunnuwa da tsakanin yatsu, ban fesa mata komai ba sai wanda likita ya ce.

Cikin kare kusan kwana 63 ne, saura kamar kwana goma sha ɗaya kenan. Na fara auna zafin jikinta safe da yamma ina turawa Oga, yau digiri 38.3, ya ce idan ya faɗo wajen 37 to haihuwa ba za ta wuce kwana ɗaya ba. Dalilin da zai ɗauke ta tun yanzu shi ne ta saba da ɗakin haihuwar, kuma yana da fitilar ɗumama ɗaki da janareta, kun san sanyin Jos, 'yan kwikwiyo a satin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, ni kuma ba ni da wannan kayan. Na yarda da hujjar ɗari bisa ɗari, amma zuciya ba ta jin hujja.

Yaran ne matsalata yanzu. Autana tun yana rarrafe yake ganinta a tsakar gida, ba ta shiga ɗaki, wurinta daban kwanonta daban, amma ita ke raka su bakin get duk safiya in za su makaranta. Jiya babbar ta tambaye ni, Baba in ta haihu za ta manta da mu? Na ce mata a'a, bayan an yaye 'ya'yan za ta dawo, wajen wata biyu, kuma Oga ya yarda mu je duk Lahadi bayan sati biyun farko idan sun buɗe ido, da sharaɗin mu wanke hannu mu cire takalma a waje saboda fabo.

Na ware mata kwanonta da tsohon bargon da take kwana a kai, ba zan wanke shi ba don ta tafi da warin gida. Waɗanda kuka taɓa miƙa taku ta farko, ya kuka yi da daren farko, kuma da ta dawo nonon ya ɗau kwana nawa kafin ya ƙafe?