Jar rinar da ta cinye min amya biyu a Ɗa'if

Ina cikin shekara ta biyu da fara kiwon zuma abin ya same ni. Ni haifaffen Makka ne, aiki ya kai ni wata gona a hanyar Shafa, bayan Ɗa'if, inda ake noman inabi da rumman da furen wardi. Mai gonar ya yarje min na ajiye amya takwas a bayan ɗakina, irin na kututturen itace da mutanen duwatsun nan suka gada, da ƙananan ƙudan zuma 'yan ƙasa masu jure zafi.

Ƙarshen watan Agusta na ga aiki ya ja baya. Ƙudan da ya kamata su fita kiwo sun cunkushe a bakin amya, ba shiga ba fita. Na duba jikin bango na ga gidajen laka jere, na ce to ga ɓarawon. Na ɗauki sanda na farfashe su tas, na kwana da murnar na gama da matsala. Kwana goma bayan nan amya ɗaya ta zama kango.

Kawuna ne ya hau dutsen ya duba ni, mutum ne da ya yi zuma tun yana saurayi. Ya tsuguna ya murtsuke ɓaraguzan lakar, sai ga matattun gizo-gizo a ciki.

"Ɗana, wannan ai zanzaro ne. Me ya yi maka?"

"Kawu, shi na gani a kusa."

"Gani a kusa ba shaida ba ne. Kawo tabarma, mu jira rana ta take."

Kafin azahar ya koya min abin da ya kamata na sani tun kafin na sayi amya ko ɗaya. Zanzaro siriri ne, ƙugunsa kamar zare, shi kaɗai yake gininsa, ya cusa gizo-gizo ya yi ƙwai ya liƙe, ba ruwansa da zuma. Akwai kuma ƙaramar rina mai rawaya da ke rataya gidanta a ƙarƙashin rufi, ramukan a buɗe suna kallon ƙasa. Tana harbi idan an taɓa ta, amma tsutsotsin ganye ta fi farauta. Mai ɓarnar daban take: jikinta ja ne mai duhu kamar busasshen dabino, da ɗamara rawaya a ciki da tabon rawaya a goshi, tsawonta santimita 2 zuwa 3 da ɗoriya. Larabawa na ce mata dabbur ahmar. Ba a ganin gidanta a fili, a rami take ginawa ko a kogon bango. Kuma da tsakar rana ta fi kai-komo, daidai lokacin da ni nake ɗaki ina gudun zafi. Shi ya sa ban taɓa kama ta a kan aikin ba.

Ran nan na gani da idona, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Ta tsaya cik a iska a gaban amya, ƙudan da ya dawo da kaya ta cafke shi, ta hau reshe ta gutsure kai da fukafukai da ciki, ta tafi da ƙirjin, don nan ne tsoka take. 'Ya'yanta take kai wa, ita babbar zaƙi take sha, shi ya sa take addabar inabi. Abin da ya fi kisan muni shi ne tsoron. Ƙuda sun daina fita, abincinsu yana ƙarewa, gidan yana rauni, daga nan rinar ta kutsa ciki ta kwashi tsutsa da zuma. Ga shi yawanta yana kai maƙura ne daga ƙarshen zafi zuwa Oktoba da Nuwamba, lokacin da kurna ke fure, wato zuman sidir da kowa ke jira shekara guda.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Na yanke gorar ruwa na yi tarko, na zuba ruwan dabino. Washegari nawa ƙudan ne suka fi yawa a ciki. Kawu ya sa na sauya da kifin gwangwani da guntun huhu, tunda ƙudan zuma ba ya bin nama. Muka kuma rage bakin kowace amya da ragar waya mai ƙofa wajen milimita 5 da rabi, ƙuda ya wuce, rina ta tsaya a waje. Duk da haka amya ta biyu ba ta tashi ba, mun makara.

Neman gidan rinar ya ci mana kwana uku. Rinar da ta ɗauki nama ba ta yawo, miƙewa take. Muka riƙa tsayawa inda ta ɓace mana, mu jira ta gaba. Ashe tsohuwar katangar dutse ce, ko taku sittin ba ta kai ba daga ƙofata. Ban taɓa shi da kaina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa. Ƙudan zuma sau ɗaya yake harbi ya bar ƙarinsa ya mutu, ita kuwa tana maimaitawa, kuma a gidanta taron dangi suke yi. Mai gonar ya kira masu feshi da rigar kariya, suka zo da dare lokacin da duk sun koma. Wanda aka harba ya ji maƙogwaro na kumbura ko numfashi na sarƙewa, a kira motar asibiti nan take (997 ce lambar a nan Saudiyya), kada a tsaya shafe-shafe.

Bana tun Maris na fara. Duk jar rinar da ka gani ita kaɗai, ƙatuwa, tana shawagi a bakin ruwa ko tana leƙa tsagar bango bayan sanyi ya wuce, uwa ce da ta fito daga maɓoya tana neman inda za ta kafa gida. Na ajiye raga mai mariƙi kusa da kaskon da ƙudana ke shan ruwa, na kama bakwai kafin Mayu ya ƙare, na liƙe tsagogin katangar da siminti. Zanzaro kuwa ya sake gini a saman tagata, ɗaki huɗu ya jera, na bar masa.