Abin da aikin diyyar manoma a Amurka ya koya mini

Darasin da ya fi zauna mini a wannan aiki shi ne, takardar da ke kawo kuɗi ana rubuta ta ne tun kafin bala'i ya sauka. Hukumar FSA mai kula da tallafin manoma, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ta Amurka, tana da ofis a yawancin gundumomi, kuma ba ta biyan diyya da baki.

Ɗauki shirin LIP, mai biyan dabbobin da suka mutu sanadiyyar ambaliya, gobarar daji, tsananin zafi ko dusar ƙanƙara. Idan yanayi ne ya yi ɓarnar, kashi 75 cikin 100 na farashin da ma'aikatar ta ƙayyade wa kowane rukunin dabba ake biya, ba kuɗin da mai garke yake ganin saniyarsa ta kai ba. Sannan sai an cire mace-macen da aka saba gani ko da lafiya lau. A ce mutum yana da shanu 200, guguwa ta kashe 30, kuma mace-macen al'ada a jiharsa kashi 2 ne: shanu 4 sun fita daga lissafi, saura 26. To amma wa zai shaida cewa 200 ɗin ne da farko? Nan ne mutane suke faɗuwa. Ana neman littafin haihuwar maruƙa, rasitin saye da sayarwa, takardar likitan dabbobi ta gwajin ciki, ko lissafin da aka kai banki wajen neman rance. Mushen kuwa a ɗauke shi hoto mai kwanan wata, lambar kunne tana fitowa sarai, kafin a binne. Wanda ya yi gaggawar binnewa saboda wari, da shaidarsa ya haɗa.

Fari kuma hukuncinsa daban. Shirin LFP, mai biyan asarar kiwo saboda fari, ba ya zuwa duba makiyayar kowa. Taswirar fari da ake fitarwa duk ranar Alhamis ita ce alƙali: gundumar da ta shiga matakin D3, wato fari mai tsanani ƙwarai, a lokacin kiwo tana samun kuɗin wata uku, kuma kowane wata kashi 60 ne na ƙiyasin kuɗin ciyarwa. Maƙwabta biyu na iya ƙonewa da fari ɗaya, amma layin gunduma ya raba su, wannan ya samu, wancan ya tashi a tutar babu. Ni dai ban ga adalci a nan ba, sai dai sauri. Kuma wanda bai kai rahoton yawan ekar makiyayarsa ba, ko yake kiwo a filin haya ba takarda, zai sha wuya.

Mai amfanin gonar da inshora ba ta karɓa, shirin NAP ne nasa, shi ma sai ya yi rajista ya biya kuɗin shiga tun kafin wa'adi ya cika. Mataki mafi ƙanƙanta na shirin yana fara biya ne idan asara ta wuce rabin amfanin da aka saba samu, a kan kashi 55 na farashi. Sanarwar asara cikin kwana 15, kayan lambun da ake tsinka da hannu kuwa awa 72. Kada a nome gonar da ta lalace sai mai ƙiyasi ya zo ya gani.

Haka shinge. Shirin ECP, na gyaran gona bayan bala'i, yana ɗaukar har kashi 75 na kuɗin gyara, amma wanda ya shigar da katafila kafin hukuma ta duba wurin ta amince, yana iya rasa komai.

Jinkiri kuwa dole a sa shi a lissafi. A watan Oktoban 2013 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe dubban shanu a Dakota ta Kudu, a lokacin da wa'adin shirin LIP ya riga ya ƙare kuma ofisoshin gwamnatin tarayya suke rufe. Sai da aka sa hannu kan sabuwar dokar noma a Fabrairun 2014 sannan aka waiwayi asarar, aka fara karɓar takardu a watan Afrilu.