Abin da Na Gani da Na Tsefe Makin Jarabawa

Da na gama duba jarabawar lissafi, maimakon in tsaya a jimillar maki, sai na shigar da amsoshin ɗalibai cikin kwamfuta tambaya bayan tambaya. Na ware kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki da kashi 27 na 'yan ƙasa, yadda masanin awon jarabawa Truman Kelley ya ba da shawara a 1939, na kwatanta su a kan kowace tambaya.

Tambaya ɗaya ta tsaya min a rai. 'Yan ƙasa sun fi haziƙan cin ta! Da na sake karantawa a tsanake, ashe zaɓi biyu ne za su iya zama daidai. Mai zurfin tunani ya tsaya yana kai-kawo tsakaninsu, mai cinke kuwa ya zaɓa ya wuce abinsa. Irin wannan tambaya ba ilimi take aunawa ba, don haka na jingine ta.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren awo, wato yadda makin ɗalibi kan iya kauce wa ainihin iyawarsa. Akwai lissafin alfa da masanin awon jarabawa Lee Cronbach ya yi bayaninsa a 1951, mai nuna yadda tambayoyi suke tafiya tare wajen auna abu guda. A ce alfa ta kai 0.84, warwatsuwar makin (yadda suke nisa da matsakaicin maki) kuma 10 ce, to kuskuren awo ya kama maki 4. Ke nan mai 48 da mai 50 ba wanda zai rantse cewa wani ya fi wani, amma a 50 ɗin ake yanke wa yaro hukuncin ci ko faɗuwa. Wallahi wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan malami.

Tazarar da ke tsakanin maki ma ba ɗaya ba ce. S. S. Stevens, masanin halayyar ɗan Adam, ya kasa ma'aunai gida huɗu a 1946, kuma makin jarabawa ya fi nuna wa ke gaban wa fiye da yawan ratar da ke tsakaninsu. Da na gwada tsarin Georg Rasch, masanin lissafi ɗan Danmak, na 1960, mai auna iyawar ɗalibi bisa wahalar tambayoyi, sai na ga tashi daga 90 zuwa 95 ya fi tashi daga 50 zuwa 55 nisa sosai.

Yanzu duk ɗalibin da makinsa ya faɗo kusa da layin ci, sai na duba aikinsa na aji ko in sake yi masa gwaji kafin in rubuta sakamako.