Asabar: na yini a kan shokozobar baya

Tun bayan sallar asuba motar nan ke raina. WLtoys 144001 ce, ƴar tsere mai rimot, girmanta kashi 1 cikin 14 na babbar mota, tayunta huɗu duk suna ja. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi. Amma da ta fito kwana na ba ta wuta, sai bayan ya zame ta juyo tana kallona. In kuma ta hau gargada sai tsalle kamar ɗan akuya.

Makon jiya na yi mata aikin da na ɗauka dabara ce. Na zubar da man shokozobar baya na ɗura baƙin mai na babur, na kuma murɗa zoben sifirin har ƙasa, wai don bayan ya yi ƙarfi. Abin ya ƙara lalacewa.

Da hantsi na sa ta a buhu na nufi garejin Kawu a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya ajiye sifana, ya danna bayanta da yatsa biyu ya saki. Ta daɗe ba ta taso ba.

"Ɗana, me ka zuba a ciki, maɗi?"

"Kawu, baƙin mai ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙarama da babba duk ɗaya ne, tayar da ba ta ƙasa ba ta aiki. In mai ya yi kauri, fistin da ke cikin shokozobar ba ya iya tura shi ta ramukansa da sauri, taya ta hau tudu ta kasa komowa kafin na gaba ya zo. Zoben da na murɗa kuwa bai ƙara wa sifirin tauri ba, ɗaga bayan kawai ya yi, nauyi ya koma sama. Wannan ta yi mini ciwo, don da gadara na yi wa ƙanena bayanin akasin haka.

Na dawo gida na shimfiɗa tabarma a zaure. Na kwance shokozoba biyun, na wanke, na ɗauko man silikon mai lamba 300 (lambar kaurinsa ke nan) da ya fi wata biyu a aljihun jakata. Wurin cikawa ne aikin yake. Sai ka zuba, ka ja sandar sama da ƙasa a hankali, ka jingine ta har kumfa ta gama tasowa, sannan ka rufe. Na farko na yi gaggawa, da na danna sai na ji tana ƙyas-ƙyas, iska ce, dole na sake. Da na auna su gefe da gefe, ashe ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan milimita 2. Shi ya sa kullum motar ta fi zamewa a kwana ɗaya. Na daidaita tsawonsu.

Na sassauta zoben har hannuwan da ke riƙe da tayun baya suka kwanta daidai, da batir a ciki. Na gajarta sandunan da ke riƙe da saman tayun kaɗan don kan tayun ya karkata ciki kamar digiri 2, yadda in mota ta kwanta a kwana tayar waje za ta zauna sosai. Na so in ƙara faɗin ramin fistin, na fasa. In ka canja abu biyar lokaci guda ba ka sanin wanda ya yi magani, ni kuwa na riga na canja huɗu.

Bayan la'asar muka je fili, ƙanena ya jera gwangwanaye. Yara suka taru kamar ana rabon alewa. Kwana ta farko na shiga da tsoro, bayan ya ɗan zauna, ta fita tsaf. A gargada tayu na rawa, jikin motar shiru. Sai dai in ta diro daga tudu ƙirjinta yana bugun ƙasa, wato na ɗan zarce wajen laushi. Zan gwada mai lamba 350, ya ɗan fi kauri.

Da magariba ina goge ta na ga ƙura ta manne a sandar shokozobar hagu. Mai take zubarwa, zoben robar da ke tare man ya ci. Ba ni da wani, gobe zan nema.