Boliyum ɗin nan, wai daga ina ya kamata a riƙa murɗa shi?

Duk wanda ya sayi DAC na USB, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital na kwamfuta ya zama siginar da sifika ke karɓa, ya haɗa shi da irin sifikun nan masu amfilifaya a cikinsu, sai ya ci karo da wannan matsalar a daren farko. Da can da ake soka waya a ramin laptop ba ruwanka, ka danna maɓalli ƙara ta ragu, shikenan. Yanzu kuma wurin rage ƙara ya zama uku ko huɗu, akwai na manhajar da kake jin waƙa da ita, akwai na Windows, wani DAC ɗin yana da nasa abin murɗawa wani babu ko alama, sannan ga na jikin sifika wanda sau da yawa a BAYA suke saka shi, kuma kowace sifika da nata daban. Yamaha HS5 haka take, JBL 305P ma haka. Wato in ana kiranka a waya sai ka miƙe ka zura hannu bayan ta dama ka rage, ka zagaya bayan ta hagu ka rage, kuma wallahi ba za su taɓa zuwa daidai ba, sai ka ji muryar mawaƙi ta karkata gefe guda.

Toh su masu ƙera su ba wai mugunta suka yi ba. Abin murɗawan nan na baya ba don a riƙa taɓa shi kullum aka yi shi ba, na saiti ne, sau ɗaya kake daidaita shi da ƙarfin siginar da ke shigowa ka manta da shi. A sutudiyo, irin waɗanda ke Zoo Road a Kano, ai daga kan miksa ko sawun kad ake rage ƙara, ba wanda ke leƙa bayan sifika.

Yanzu ga inda gardama take. Akwai 'yan gani-kashe-nin sauti da za su ce maka haramun ne ka taɓa boliyum na kwamfuta, wai ka bar shi a 100 koyaushe don in ka rage kana zubar da bit, wato lambobin da kwamfuta ke adana sauti da su, waɗanda yawansu ke ƙara masa inganci. Maganar tana da tushe fa, ba ƙarya suka yi ba. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma a lissafin dijital duk desibel 6 da ka rage kamar ka yar da bit ɗaya ne. Waƙar CD bit 16 ce, faɗinta wajen desibel 96. In ka rage desibel 30 ka ga bit 5 sun tafi, in kuma a bit 16 kwamfutar ke turawa DAC to saura 11 kenan, wannan kam kunne mai kyau zai iya kamawa a wuraren da waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Amma wannan labarin zamanin Windows XP ne. Tun daga Vista, Windows a bit 32 yake lissafin haɗa sauti, kuma kusan duk DAC ɗin da za ka saya yau yana karɓar bit 24. Cire 5 daga 24 saura 19, har yanzu ya fi 16 ɗin da waƙar ta zo da shi, balle ma mafi yawanmu MP3 da YouTube da Audiomack muke ji, ko karatu da wa'azi da aka turo a WhatsApp an matse shi an ƙara matsewa. Abin da kawai za ka yi shi ne ka shiga saitin sauti, ka zaɓi DAC ɗin, a wajen Advanced ka mayar da shi 24 bit, 44100 ko 48000. Ni a ganina daga nan tsoron zubar da bit ya ƙare, wanda ya ce yana jin bambanci bayan haka to Allah Ya ƙara masa lafiyar kunne, ni dai ban ji ba.

Abin tsoro na gaske ba bit ba ne, akasin shawararsu ne da mutane ke yi ba tare da sun lura ba, wato a ƙure sifika har ƙarshe sannan a riƙe kwamfuta a 6 ko 8. DAC na tebur yawanci volt 2 yake fitarwa ta ramin waya irin na RCA, ta irin na XLR kuma wajen 4, alhali tsohon ma'aunin kayan gida na -10 dBV bai fi volt 0.3 da ɗoriya ba, ko na sutudiyo ma +4 dBu wajen 1.2 ne. Kaga DAC ɗin nan a cike yana da ƙarfin da zai sa sifikar ta yi ihu. Kuma wannan 8 ɗin da ka dogara da ita ba tabbas gare ta ba, ka canza ramin USB Windows ya ɗauke shi kamar sabon kaya ya dawo da boliyum sama, ko ka buɗe wata manhaja irin foobar2000 ko ta haɗa kiɗa da ke amfani da ASIO ko WASAPI na keɓewa, ta tsallake miksan Windows gaba ɗaya ta tura sauti kai tsaye. Ƙarfe ɗaya na dare, yara na barci, maigida na ɗaki na kusa. Ba sai na ƙarasa ba.

Ga yadda nake yi, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Kamar famfo biyu ne a kan bututu ɗaya, na wajen tanki ka saita shi sau ɗaya yadda ko an buɗe na banɗaki duka ruwa ba zai yi ɓarna ba. Ka mayar da na bayan sifikun ƙasa gaba ɗaya, ka kai manhaja da Windows 100, ka sa waƙa mafi ƙara da kake da ita, sai ka riƙa ɗaga na bayan kaɗan-kaɗan har ya kai iyakar ƙarar da za ka iya jurewa, ba wadda kake so kullum ba, wadda ta ɗan fi haka. Ka tsaya nan. Ka duba su biyun suna layi ɗaya, ka zauna a tsakiya ka saurari wani yana magana, muryar ta fito daga tsakiyar allo. In JBL ce akwai ɗan maɓalli na +4 da -10 a baya, sa shi a +4 in ƙarar ta yi yawa tun daga farko. HS5 kuma tana da ɗan tsayi a tsakiya da za ka ji ya yi ƙas, wannan shi ne +4 ɗinta, yana taimakawa wajen daidaita biyun. Daga nan ka riƙa ragewa da kibod ɗinka hankali kwance, mafi munin abin da zai faru shi ne ƙara mai ƙarfi, ba mai fasa sifika ba.

Sai dai akwai waɗanda kibod ba zai musu ba. Masu Mac sun san wannan, wasu na'urorin in ka jona su maɓallan boliyum mutuwa suke yi, haka in ta wayar optical ka ɗauko sauti daga talabijin sau da yawa rimot ba ya taɓa shi. Nan kam sai ka nemi abin murɗawa na gaske tsakanin DAC da sifika. Mackie Big Knob Passive ko Schiit Sys ba sa ma buƙatar wuta, waya ta shiga waya ta fita, kawai kar ka ja doguwar waya bayansu. Lahaninsu, irin masu arha ɗin in ka yi ƙasa sosai gefe ɗaya yakan riga ɗaya mutuwa, wani dalilin kenan na kar ka ƙure sifika, don ka riƙa aiki a tsakiyar murɗi. In kuma ba ka riga ka sayi DAC ba to huta da wannan duka, nemi mai boliyum a jikinsa, Topping E30 yana da rimot amma ka tabbata yana kan saitin Pre ba DAC ba, don a na biyun a cike yake fitarwa. Focusrite Scarlett 2i2 kuma babban abin murɗawa ne a gabansa, kuma ka samu wurin soka makirfo kyauta.

Saura batun wuta, tunda mun san halin da muke ciki. Sifika ce ƙarshen kunnawa kuma ita ce farkon kashewa, in ba haka ba wannan fas ɗin da DAC ke yi lokacin tashi kai tsaye yake dukan sifika. In NEPA sun ɗauke ka kashe su daga baya ko daga soket kafin a tada janareto, sai kwamfuta ta gama tashi ka duba boliyum ɗinta yana ina sannan ka kunna.