Na ɗanɗana Esperanto

Kwanan nan na fara koyon Esperanto, wani harshe da aka ƙirƙira don mutanen ƙasashe daban-daban, a manhajar koyon harsuna ta Duolingo, kuma gaskiya sauƙinsa ya burge ni. Dokokin nahawunsa na asali 16 ne kacal, babu wata togaciya. Zamenhof, likitan ido a Warsaw, shi ya fito da shi a 1887, bayan ya taso a garin Bialystok (a Poland ta yanzu) inda Yahudawa, 'yan Poland, Rashawa da Jamusawa ke zaman doya da manja. Burinsa a samu harshen da ba na kowa ba, don kada wani ya fi wani a teburin tattaunawa. Wannan niyya ta taɓa min zuciya sosai.

Sai dai kusan duk kalmominsa daga harsunan Turai aka ɗebo su. Bafaranshe zai gane abu da yawa tun ranar farko, Basine kuwa daga tushe zai faro. To ina daidaiton?

Manyan ƙasashe ma ba za su saki nasu ba. Faransa ce ta tare masa hanya a tsohuwar Majalisar Ƙasashe (League of Nations, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya) a shekarun 1920. UNESCO ta yaba masa a 1954, amma har yau harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, babu shi a ciki.