Littafin adashe ya fi majigi amfani a ajina

A zangon karatu na uku na shekarar 2024 aka ba ni awa ɗaya kowace Laraba domin in koyar da 'yan aji biyar na wata sakandare da ke cikin birnin Kano fasahar bulokcen, wato tsarin adana bayanai a jere kamar sarƙa, kowane ƙulli yana riƙe da na bayansa. Na shiga ajin da majigi da dogon tarihi: yadda wani, ko wasu, mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar bayanin Bitcoin, kuɗin intanet da aka gina a kan wannan fasaha, a watan Oktoba na 2008, yadda aka kafa tubalin farko ranar 3 ga Janairu, 2009, da yadda Ethereum ta biyo baya a 2015. Ban kai rabin bayanin ba aka ɗauke wuta, kuma kafin a ɗauke ta ma rabin ajin sun fara hamma.

Da na tambaye su abin da suka sani game da darasin, wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, ai mainin ne." A lokacin kuwa duk majalisar da ka leƙa za ka tarar da matasa sun duƙufa suna dangwalar fuskar waya a Hamster Kombat da makamantansa, suna jiran ranar da za ta fashe. A wurin ɗalibaina, bulokcen wata hanya ce ta samun kuɗi ba tare da gumi ba, ni kuma na zo ina yi musu tarihi.

Laraba ta gaba na bar majigin a ofis, na sayo littattafan rubutu huɗu. Na tambaye su wanda mahaifiyarsa take zubin adashe, hannaye suka tashi kusan duka. Na ce, idan uwar adashe ita kaɗai ke riƙe da littafi, ta kuma goge sunan wadda ta yi zubi, wa zai kama ta? Nan take ajin ya kaure da labarai, domin kusan kowa ya taɓa jin rigimar adashe a unguwarsu.

Sai muka kafa namu adashen. Kowane layi ya riƙe littafi ɗaya, duk zubin da aka shelanta kuma kowa ya rubuta shi a nasa. A ƙasan kowane shafi mukan haɗa jimillar kuɗin shafin da lambar da ke ƙasan shafin da ya gabata, abin da ya fito mu kira shi hatimi. Bayan shafi biyar na raɗa wa wani ɗalibi ya mayar da naira 500 ta zama 5,000 a shafi na biyu. Ya gyara, sai ya ga hatimin shafin bai yi daidai ba. Ya gyara hatimin, sai na shafi na uku ya ƙi. Haka ya yi ta kankara da biro har ya kai na biyar, gumi na tsattsafo masa. Da ya gama, sauran layuka uku suka ɗaga littattafansu, nasa ya fita zakka. Daga nan ne na gaya musu cewa hatimin Bitcoin na gaske, wanda ake kira SHA-256, haruffa da lambobi 64 ne, kuma sauya harafi ɗaya tak a cikin bayanin yana hargitsa shi gaba ɗaya; cewa ana rufe sabon shafi kusan kowane minti goma; cewa littattafan ba huɗu ba ne, dubbai ne a ƙasashe daban-daban. Wannan karon sun rubuta da kansu ba sai na ce su rubuta ba.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai daga wata ɗaliba ta fito, wadda ba ta cika magana ba. Ta ce, "Malam, to idan layi uku suka haɗa baki fa?" Ba ta taɓa jin abin da masana ke kira harin kashi 51 cikin ɗari ba, amma shi ta gano. Kafin in gama amsawa ta ƙara da cewa, idan tun farko ƙarya aka shelanta, ai duk littattafan ƙarya za su ɗauka. Na amsa mata cewa haka ne: sarƙar tana hana a sauya abin da aka rubuta, amma ba ta tantance gaskiyarsa. A ganina wannan ne ya kamata a fara koya wa duk matashin da za a tallata wa wani sabon kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin, musamman a ƙasar da MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016.

Batun doka na taƙaita shi: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da 'yan kirifto a Fabrairun 2021, ya ƙaddamar da nasa kuɗin na intanet, eNaira, a Oktoban 2021, sannan ya sassauta hanin a Disamban 2023. Halacci ko haramci kuwa, da suka tambaya, na ce su kai wa malamansu na Islamiyya, domin ba fagena ba ne, ko da yake na roƙe su su fara iya bayyana wa malamin yadda abin yake aiki kafin su nemi fatawa.

Kuskuren da na yi, kuma na gane shi a makare, shi ne na bar maganar mabuɗin sirri, wato kalmomin da duk wanda ya san su zai iya buɗe asusun kirifton mutum, sai makon ƙarshe. A ranar ne na ji cewa wani daga cikinsu ya riga ya tura wa wani baƙo a Telegram kalmomi goma sha biyu na asusunsa, bisa alkawarin za a ninka masa abin da ke ciki. Abin da ke cikin bai taka kara ya karya ba, amma an kwashe shi tas, kuma babu ofishin da zai kai ƙara a dawo masa da shi. A sabon zango na mayar da wannan darasin mako na biyu, nan da nan bayan adashe.